Malam Laminu da Kamarar da Aka Rage wa Kuɗi

Ranar Talata da hantsi ina zaune a ƙofar gida ina ƙulla igiyar guga, sai tarho ya yi ƙara. Hadiza ce, babbar ɗiyar Malam Laminu, daga Mayahi. Ba ta tsaya gaisuwa ba, abin da ba halinta ba ne. Ta ce, "Baba Sani, Baba ya cika." Na ce mata, "Yaushe?" Ta ce, "Yanzun nan. Ya nemi ruwa, ya sha, ya juya gabas." Na yi salati, na ce mata ga ni nan tafe. Bayan ta kashe na daɗe riƙe da tarhon a kunne, kamar akwai sauran maganar da za a faɗa mini.

Shekara talatin da ɗoriya muka yi tare da shi a Tasawa. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi kuma ma'aikacin gona, irin waɗanda ake turawa ƙauyuka a kan moto su auna ruwan sama, su duba gero da wake, su rubuto wa na sama abin da suka gani. Dogo ne, marar yawan magana, mai tafiya a hankali. In zai shiga ƙauye a shekarar wahala, da goran ruwansa da ɗan garin rogonsa yake tafiya. Kafin mai gida ya fara waige-waige, sai ya riga shi cewa, "Mun ci a hanya." Na ji wannan maganar daga bakinsa ya fi a ƙirga, kuma sau da yawa na san babu abin da ya shiga cikinsa tun asuba.

Abin da ya haɗa mu shi ne son hoto. Mu huɗu ne muke zama da la'asar a kan benci, ƙarƙashin itacen bedi, a gaban shagon Idi mai hoto kusa da tashar mota. Idi shi kaɗai ne hoto ke ciyar da shi. Sauranmu sha'awa ce kawai: ni, da Malam Laminu, da Agali, wani Buzu dillalin dabbobi da ke yawo da ƙaramar kamara a aljihun riga. Mun fi yin gardamar kamara a kan ɗaukar hoton kansa. Malam Laminu yana da tsohuwar kamara mai fim da idanu biyu da ake cire mata a sauya, waɗanda yake naɗewa cikin tsohon rawani. To amma a shekarun nan fim ya fara wuyar samu, wankinsa ma sai an aika Maraɗi a jira mako biyu.

A shekarar da nake son ba da labarinta, ruwa ya ɗauke tun gero yana bunni. Aka jira, aka yi roƙon ruwa, aka sake jira. Da kaka ta yi, mutane suka shiga gona suka fito da zangarniya marar ƙwaya. A cikin wannan halin ne Idi ya dawo daga Maraɗi da labari: wani mai shago yana son rabuwa da gangar jikin kamara irin ta zamani, mai kati a madadin fim, ba ta da ido, kuma ya rage mata kusan rabin kuɗi don wai sabon samfuri ya shigo. Irin kamfanin tsohuwar Malam Laminu ce, idanunsa za su hau kanta.

Kwana uku muka yi muna wannan gardamar. Idi ya ce, "Malam, ba a rage wa kamara kuɗi don Allah. Ko ta sha zafi a shago, ko wani ya yi aiki da ita ya maido. Akwai abin da mutumin nan bai faɗa ba." Agali ya zaro tasa daga aljihu ya ɗora a tafin hannu, ya ce, "Ka sayi irin wannan. Ka ɗauki abinka ka mayar aljihu, ba wanda ya gani. Lokacin nan ba na rataya baƙin abu a wuya ba ne." Ni kuwa na fi kowa zafi. Na ce masa kuɗin nan buhunan hatsi ne, kuma mutum mai iyali da ya sayi abin wasa a shekara irin wannan, jama'a za su ce ya taɓu.

Ya saurare mu duka, kansa a ƙasa. Sannan ya ce, "Kowa ya faɗi gaskiya. Amma sau uku ina rubuta cewa gero ya ƙone a arewacin Urafane, sau uku ana maido mini da takarda a ce in sassauta harshe. Sun ce ina ƙari. To, tunda ba su yarda da hannuna ba, bari in kai musu abin da ido ya gani."

Ya sayar da bijimin san da ya shekara biyu yana kiwo. Matarsa Rakiya ta same ni a hanyar lakwal, ta kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ta ce, "Mushe, ka yi wa abokinka magana, kai yake ji." Na je na yi masa. Ya ce, "San nan in ya kai bazara, ko kyauta ba mai karɓa. Ba ka ga yadda ake shigo da shanu kasuwa ba?" Da abin da ya rage bayan kamara ya sayi hatsi ya zuba a ɗaki. Daga baya maganarsa ta tabbata, har Agali da kansa ya bar zuwa kara, kasuwar dabbobi, ya ce ba ya iya kallo.

Tare muka je Maraɗi. Na ga yadda ya duba kamarar nan kamar mai duba amaryar ɗansa. Ya juya ta, ya shinshina ramin batir, ya ɗaura mata idonsa, ya fita ƙofar shago ya ɗauki sararin sama kawai, ba gida ba mutum. Da ya duba sai ya kira ni. A kusurwar hoton, daga sama ta hagu, akwai wani baƙin ɗigo. Ya sake ɗauka, ɗigon yana nan. Ya goge, ya hura, yana nan. Mai shago ya soma kame-kame. Na ja hannun rigarsa na ce mu tafi, Idi ya yi gaskiya. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ai yanzu hankalina ya kwanta. Na san abin da ya sa aka rage. Wadda ban san aibinta ba ita nake tsoro." Ya biya, ya rataya ta a wuya.

Ba a yi wata biyu ba, wata rana da azahar rediyo ya yanke shirinsa ya saki kiɗan soji. Kafin la'asar kowa ya san an karɓe mulki. Idi ya kwashe hotunan da yake bajewa a ƙofar shago ya shigar ciki. Daga ranar ba wanda ya san abin da aka halatta da abin da aka hana. Ana magana ƙasa-ƙasa, a ga baƙuwar mota a yi shiru. Sababbin shingaye suka fito a kan hanya inda da babu.

Da bazara ta kama, Malam Laminu ya ce zai zagaya ƙauyukan Urafane. Na ce ya tafi da ni, domin yayata Habsu tana wani ƙauye a can, mijinta da ƴaƴanta maza sun ƙetare Najeriya neman abinci sun bar ta da jikoki. Muka hau motonsa, na rungume ɗan buhun gero a tsakaninmu. Hanyar rairayi ce, sau da yawa sai mun sauka mun tura. Tun kafin mu ga gawar saniya ta farko muka ji warinta. Daga nan ba mu ƙara ƙirgawa ba. Mun wuce ƙauye guda da ba mu ji kukan zakara ko ƙarar taɓarya ba, ƙofofi duk an tare su da ƙaya. Rumbuna a buɗe, an sauke jinkansu an ba dabbobi. Yana tsayawa ya ɗauka, ya rubuta sunan wurin a ɗan littafi, mu wuce.

Mun tarar da Yaya Habsu tana sauya ruwan anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwanaki kafin su ciwu. Da kyar na gane ta. Ta ɗago ta ce, "Sani, kai ne? Ka zo da baƙo ba ka aiko ba." Malam Laminu ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi maganarsa ta kullum. Bayan an huta ya nemi izininta ya ɗauki rumbun, ta ce ya ɗauka, ai ba abin da za a ɓoye a ciki. Sannan ya tambaye ta ko tana son nata hoton. Ta dubi zanen jikinta, ta ce, "A haka? Jira ni."

Ta shiga gidan maƙwabciya. Muka zauna a rana, jira ya yi tsawo. Na matsa kusa da shi na ce, "Malam, ai yadda ka same ta ɗazu shi ne abin da kake son su gani." Bai dube ni ba. Ya ce, "Rumbu ne ya bushe, Mushe, shi zan nuna musu. Yayarka kuwa ba zan ɗauke ta a kamannin da ba ta son a tuna ta da su ba."

Ta fito da zanen aro mai shuɗi, ta sa kwalli, ta ɗaura kallabi. Ta tsaya a tsaye ƙyam, jikoki biyu a gefenta. Da ya ɗauka ya juya mata bayan kamarar ta gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsa a kusurwa ta ce, "Wannan baƙin abu a sama fa? Hadari ne ko fara?" Ya ce, "Aibin kamara ne, Yaya, ba komai ba ne." Ta ce, "To. Na ɗauka ta hango abin da ke tafe." Na roƙe ta ta biyo ni Tasawa. Ta ce in ta tashi wa zai tsare iri, kuma in maza sun dawo wa za su tarar. Na bar mata geron, muka juyo.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa wa iyalinsa ba, ko nawa. Da la'asar, kafin mu hau kwalta, muka ci karo da shinge. Sojoji ne, da mota mai bindiga a kai. Ɗaya ya ga igiyar kamara a wuyan Malam, ya ce a sauka. Ya ce, "Kai ɗan jarida ne?" Malam ya ce a'a, ma'aikacin gona ne. Aka karɓi kamarar aka kai wa babbansu da ke zaune a inuwar mota. Sojan ya juyo kaina ya ce, "Kai fa? Tare kuke?" Na ji muryata tana cewa, "A'a, shef. Ni rage mini hanya kawai ya yi."

Malam Laminu ya dube ni sau ɗaya. Mutumin da ban san shi da wata ƙarya ba in ban da "mun ci a hanya", sai ya ce, "Haka ne. A hanya na ɗauko shi. Ku bar shi ya tafi, malamin lakwal ne, yana da aji gobe." Aka tsayar da wata motar haya aka cusa ni. Na waiga na hango shi tsaye a rana, hannayensa a bayansa. Na iso Tasawa na shige ɗaki, ban iya zuwa na gaya wa Rakiya ba.

Ya dawo gab da magariba, da kamararsa amma babu kati. Washegari ya ba mu labari a benci, a taƙaice. Babban nasu ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar sunan kowane ƙauye da yawan gidajen da suka tashi, Malam yana amsawa. Da ya gama ya zare katin ya jefa a aljihu, ya rubuta sunan Malam da na buronsa, wato ofishin da yake aiki, ya ce, "Za ka ji daga gare mu." Ba wanda ya san ma'anar wannan. Idi ya ce, "Na faɗa." Agali ya tuna yana da tafiya arewa. Benci ya watse. Ni kaina na koma bin wata hanya zuwa lakwal don kada in bi ta ƙofar gidansa. Shi kuwa kullum da la'asar sai ya zo ya zauna shi kaɗai a ƙarƙashin bedin, ya gaida masu wucewa, waɗansu su amsa waɗansu su yi kamar ba su ji ba.

Bayan mako uku aka aiko kiransa. Hadiza ta gaya mini daga baya cewa ya yi wanka, ya sa fararen kaya, ya miƙa wa mahaifiyarta makullan ɗakin hatsi, ya ce in bai dawo ba a auna wa yara da tiya kada a yi hannu sake. Amma ba kama shi aka yi ba. A lokacin rediyo ya riga ya fara kiran yunwar da sunanta. An miƙo masa katinsa a cikin ambulan, aka ce za a tura motocin hatsi arewa, ana son wanda ya san hanya ya zauna a ta gaba. Mutane sun yi ta cewa hotunansa ne suka kawo motocin. Bai taɓa yarda ba. Yakan ce, "Ban sani ba. Wataƙila dama suna tafe. Ni dai na nuna hanya."

Kwana biyar da tafiyarsu na ji moto ya tsaya a ƙofar gidana. Ya shigo da rairayi har a gira, bai biya ta gidansa ba. Ya zauna a bakin tabarma, ya cire hula ya riƙe. Ya ce, "Mushe, mun makara. Kwana huɗu da binne Yaya muka isa. Geron da ka bari jikoki ta riƙa ba. Suna nan da rai, na baro su wajen maƙwabciya." Ya zauna da ni har na gama kukana. Bayan mako ɗaya ya kawo hoton, Idi ya wanke shi babba. Shi kaɗai ne hoton yayata a duniya. Ƴaƴanta da suka dawo da damina a gaban hoton suka zauna suka yi makoki, kuma abin da suka gani mace ce a tsaye da kwalli a idonta.

Kamarar ta yi masa aiki wasu shekaru kafin ta mutu. Bai sayi wata ba. Da ya yi ritaya ya koma Mayahi, garin iyayensa, ya kama ƴar gona. Muka ci gaba da zumunci kamar ba abin da ya faru: ya zo sunan jikokina, na je auren Hadiza. Maganar shinge bai taɓa tayar da ita ba, ko da wasa, ko da kallo. Wannan shirun nasa ya fi mini nauyi a kan zagi.

Wata ɗaya da ya wuce na je duba shi. Ciwo ya cinye shi, amma hankalinsa garau. Da Rakiya ta fita kawo ruwa, na ce, "Malam, akwai maganar da ta daɗe a wuyana. Ranar nan a shinge na ce ban san ka ba." Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Na ji lokacin da ka faɗa. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma ni ma tsoro ya kama ni a ranar. Kamarar a wuyana take, shi ya sa ni ban sami hanyar zamewa ba. Kwana biyu na riƙe ka. A na uku na yafe, sai na manta in gaya maka."

Ya sa na tayar da shi zaune, ya dubi gabas ta ƙofar ɗaki. Ya tambaye ni ko an yi shuka a Tasawa. Na ce sau biyu, kuma sau biyu tana bushewa. Ya ɗaga hannu kamar mai taɓa iskar da ke shigowa. Ya ce, "Na taɓa jin irin wannan iskar. Ka sayi hatsi tun yanzu, Mushe. Na ƙauye kuma ka ɗauko su tun suna iya tafiya da ƙafarsu. In sun ƙi, ka zauna a ƙofarsu har sai sun yarda." Wannan ce magana ta ƙarshe mai tsawo da na ji daga gare shi.

Mun binne shi bayan la'asar. A kan hanyata ta dawowa na ga gonaki jajur, na ga amalanke biyu ɗauke da tabarmi da tukwane sun nufi kudu. Ban zauna a Tasawa ba, na nemi motar Urafane don in ɗauko ƴaƴan Yaya Habsu da jikokinta.

Ya Allah, bawanKa Laminu ya zo gare Ka. Ya rufa wa mayunwata asiri, Ka rufa masa nasa. Ya yafe wa wanda ya juya masa baya a ranar tsoro, Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka sa Aljanna ce gidansa. Ka ba Rakiya haƙuri, Ka zama gatan Hadiza da ƙannenta, Ka albarkaci abin da ya bari. Mu da muka rage a ƙarƙashin wannan sama, Ka ji ƙanmu, Ka shayar da mu, kada Ka jarrabe mu da abin da ba za mu iya ba. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.